Kambas Mai Yankakken Gefe

Kowa a gidanmu ya ce wauta ce ta sa autarmu ta bi mutumin nan. Inna ta faɗa, Baba ya faɗa, matar maƙwabcinmu da ta leƙo ta katanga ta maimaita har da tafa hannu. Ba wauta ba ce. Yarinyar nan abin da muka koya mata ta yi, tsaf, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da jarrabawa ce da ita za ta zo ta ɗaya. Na faɗa musu haka a ranar, na sake faɗa washegari, daga nan bakina ya gaji. Shi ya sa nake rubutawa.

A Makera muke, bayan layin dogo. Baba makaniki ne a loko, inda ake gyaran kawunan jirgi. Ni na gama sakandare na dawo gida ina jiran takardar makarantar horon malamai, 'yan unguwa suna kirana 'yar boko, kuma ba yabo ba ne. Shekarar ce aka fara ginin masaƙa a Kakuri, gari ya cika da baƙi. Duk jirgin da ya tsaya sai ya juye mutane da tabarmi da akwatunan ƙarfe, kowa yana neman ɗakin haya. Da can in ka tsaya a ƙofar gida, duk wanda ya wuce ka san shi, ka san garinsu. Yanzu sai ka gaida mutum goma ba ka san ɗaya ba. Unguwa ta canja, amma abin da ake koya wa yara bai canja ba.

Inna tana kulle, don haka Auta ce ƙafafunta. Shekararta bakwai. Ita ke sayo gishiri da daddawa, ita ke kai saƙo gidan suna, kuma kullum idan jiniyar sha biyu ta yi kuka ita ke ɗaukar langar tuwon Baba a kan gammo ta kai masa loko. Ni na ce zan riƙa kaiwa tun da zaman banza nake, Baba ya ce budurwa ba ta shiga cikin 'yan loko. Magana ta ƙare.

Tun Auta ba ta iya ɗaura zane ba aka koya mata cewa idan babba ya kira, a amsa. A je a durƙusa, a sa ido a ƙasa. Idan ya aike ka sai ka tafi, ba a cewa ina, ba a cewa don me. Ni ma haka aka koya mini. Sai da na yi shekara guda a makaranta wata malama Baturiya tana ɗaga mini haɓa da bakin rula kafin na iya kallon mutum idan yana magana. Da na dawo gida da wannan ɗabi'a, ita ce laifina na farko.

Ran nan jiniya ta yi, Auta ta fita. Ba a jima ba muka ji muryar Mama mai itace daga zaure. Kirista ce daga kudancin Zariya, mijinta lebura ne a reluwe, ita kuma tana bi gida gida da itace.

"Gafaranku dai, masu gida. Ga 'yarku. Ku tambaye ta inda na tsinto ta."

Tana riƙe da wuyan hannun Auta. Langar tana nan a kanta, ko miya ba ta zuba ba.

Tsakanin layin dogo da babbar hanya akwai wasu kangwaye da aka fara ginawa aka tsaya. Mama takan shiga ta tsinci guntayen katako. Ta ce tana sunkuye sai ta ga wani mutum da farar riga yana tura yarinya cikin kango, hannunsa a kafaɗarta. Ta ce, "Ke, ina za ki?" Mutumin ya sake ta, ya zaga bayan bango, ko gudu bai yi ba. Bayansa kawai ta gani.

Na durƙusa a gaban Auta.

"Me ya ce miki?"

"Cewa ya yi, ke 'yar makaniki, zo ki ɗauko mini ƙunshi a ciki, bayana ke ciwo."

"Kin san shi?"

"A'a."

"To don me kika bi shi?"

"Ai aike na ya yi, Yaya."

"Fari ne ko baƙi? Yana da tsage? Yana da gemu?"

"Ban gani ba."

"Mutum ya tsaya a gabanki ya yi miki magana, ki ce ba ki gani ba? Me kika gani?"

"Takalminsa."

Sai ta shiga bayani kamar mai karanta allo. Kambas ne, ruwan ƙasa. An yanke gefen na hagu, ɗan ƙaramin yatsa yana waje, farcen yatsan baƙi ne kuma a tsage. Na dama ba igiyar takalmi ba ce a jiki, kirtani ne. Duk wannan ta gani, cikin ɗan lokacin da ta yi a durƙushe. Idon yarinyar nan lafiyarsa ƙalau. Mu ne muka ce masa ga inda zai tsaya.

Inna ta kai mata ranƙwashi. "Shashasha. Kowa ya kira ki sai ki bi?"

Na ce, "Inna, me ta yi da ba ke kika koya mata ba?"

Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta juya ga Mama mai itace ta ce, "Ji mini waccan."

Mama ta ɗauki gammonta. "Ni dai na kawo muku ita. Nawa 'ya'yan na ce musu duk wanda ya taɓa su, su yi ihu, ko da fasto ne." Ta fita.

Da Baba ya dawo da yamma aka gaya masa. Sai ya ce Allah ya tsare, kuma maganar ta mutu a nan. 'Ya mace ce. In zance ya fita ba za a ce an kusa ba, cewa za a yi an yi. Ya ce daga gobe ta riƙa bin babbar hanya. Iyakar gyaran da aka yi ke nan. Washegari jiniya ta yi kuka, aka ɗora wa Auta langa.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ja ta bayan ɗakin girki da la'asar, na ɗora tsohuwar hular Baba a kaina, na kumbura murya.

"Ke yarinya, zo nan."

Kafin in rufe baki ta kai ƙasa.

"Tashi. Wa ya ce ki durƙusa? Ba ki san ni ba. Ki tsaya daga nesa, ki kalli fuskata, ki ce, ban san ka ba, sai na tambayi Inna. Idan na matso ki ajiye langar ki gudu kina ihu."

"Tuwon Baba fa?"

"Tuwon Baba ya zube."

Ta zaro ido kamar na yi saɓo. Muka sake. Ta ɗaga kai har ƙirjina, ta mayar. Muka sake. Ta kai haɓata, sai ta ƙyalƙyale da dariya.

"Yaya, hular ta karkace."

Haka muka yi ta yi kullum. Wani lokaci ta faɗi maganar daidai amma a durƙushe. Wani lokaci ta tsaya a tsaye amma muryar ta maƙale. Ihun kuwa ko kaza ba zai firgita ba. Abin da aka shekara bakwai ana dasawa nake son tumɓukewa kafin takardata ta zo, kuma ni ba gwanar lallashi ba ce. Wata rana na kama kafaɗunta na girgiza ta, na ce ke wace irin kurma ce. Ta fashe da kuka. Sai da na saki na tuna a nan mutumin ya riƙe ta.

Da ta yi shiru ta ce, "Inna ta ce kar in kalli manya. Ke kin ce in kalla. Wa zan bi?"

Na ba ta amsar da ta zo bakina. "A cikin gida Inna. A waje ni."

Ta riƙe wannan. Ta riƙe shi fiye da yadda na zata.

Mako uku da fara wannan darasi, Baffa, yayan Baba, ya sauka daga jirgin Zariya. Rabonsa da Kaduna tun sunan Auta. Aka shimfiɗa masa buzu a dakalin ƙofar gida, dattawan layi suka zo gaisuwa. Auta tana dawowa daga aike ya hango ta.

"Ke, zo ki karɓa ki sayo mini goro."

Ina bayan ƙyauren zaure, na gani da idona. Ta tsaya daga nesa. Ba ta durƙusa ba. Ta zuba masa ido, a hankali, daga hula har gemu.

"Ban san ka ba, Malam. Sai na tambayi Inna."

Ta wuce ta gefensu da gudu, tana shiga zaure ta ɗaga murya da murna, yadda kowa a dakalin zai ji: "Yaya, na kalla. Farin gemu, da haƙorin Makka, idonsa ɗaya da hakiya."

Wani tsoho ya yi tarin da ba tari ba ne. Baffa ya juya ga Baba a natse ya ce, "Ai na faɗa maka tun ranar da ka sa babbar a boko. Ga shi ya gangaro."

Na ce daga inda nake, "Baffa, da ta san ka da ta durƙusa. Ba ta san ka ba ne."

Baba ya ce, "Wa ya sa da ke?"

Ya shigo ya karyo tsumagiya a jikin darbejiyar tsakar gida. Sau uku ya tsula mata. Baba ba mai duka ba ne, amma an ci masa fuska a gaban yayansa, kuma ba zai iya fitowa ya faɗi dalili ba tun da shi ya ce maganar ta mutu. Auta ba ta kalle shi ba, ni take kallo. Ya karɓe hularsa, ya ce in ya sake jin na koya mata wani abu zan gane kurena.

Da safe Inna tana tankaɗe, ina gefe ina tsince shinkafa. Rariya take kallo ta yi magana.

"Ana zaton ban sani ba ne. Na sani. Ni ma an taɓa kirana a hanyar rafi ina ƙarama. Amma mutumin nan rana ɗaya ne. Yarinyar da ke tsayar da ido a kan maza, sunan da za a laƙa mata yana nan har ta tsufa. Wata za ta hau jirgi ta tafi makarantarta, ni za a bari da ita."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini. Na ce, "Rana ɗaya ta isa, Inna."

Ta ci gaba da tankaɗe.

Daga nan sai na kama wata ɗabi'a ba da niyya ba. Duk inda na fita ƙafafun mutane nake kallo. A kasuwa, a bakin famfo, a hanyar gidan waya inda nake zuwa duba takardata. Na ga fade, na ga takalman taya, na ga sau-ciki na akawuna, na ga faso iri iri. Na ga kambas mai yankakken gefe har sau biyu, ɗaya a ƙafar wani tsoho mai rake, ɗaya a ƙafar wani lebura da ya yanke duka biyun. Duk sau biyun ba shi ba ne. Matan layinmu kuwa suka fara yi wa Inna barka, wai 'yar boko ta fara sanin kunya, yanzu kanta a ƙasa take tafiya. Na bar su da zatonsu. Na gaji.

Ranar Juma'ar da Baffa zai koma, Baba ya gayyato abokan aikinsa da maƙwabta su ci abinci su yi masa sallama bayan an sauko daga masallaci. Ni na tafi gidan waya. Takardar ta zo, an ba ni gurbi, in je farkon wata. Na dawo ina riƙe da ita na tarar zaure cike da maza, babu hanyar shiga sai sun tashi. Na tsaya a bakin ƙofa, idona ya sauka ƙasa kamar yadda ya saba.

Takalma a jere, kusan ƙafa goma sha biyu. Na uku daga bango kambas ne ruwan ƙasa. An yanke gefen na hagu. Na dama da kirtani.

Na koma ƙofar maƙwabta na jingina da bango na jira. Da aka shafa fatiha suka fara fitowa, kowa yana lalubar nasa. Wanda ya zura ƙafa a kambas ɗin mutum ne tsaka-tsaki, wankan tarwaɗa, gemu a gyare, riga fes. Fuska ce irin wadda za ka gani sau goma ba ka riƙe ba. Ya kama hannun Baffa da hannu biyu yana yi masa addu'ar sauka lafiya, ya yi wa Baba wani barkwanci suka yi dariya. Daga baya na ji sabon mai kula da sito ne a loko, wata huɗu da zuwansa, yana haya a Tudun Wada. Sitonsa a bakin ƙofar loko yake. Duk yaron da ya kawo abinci ta gabansa yake wucewa. Ashe shi ya sa ya san 'yar makaniki.

Na shiga gida ina neman Auta. Ita ce ta yi ta kai kwanuka zaure, tana durƙusawa tana ajiyewa, kanta a ƙasa kamar yadda tsumagiya ta tuna mata. A zaure kuwa kowa a zaune yake babu takalmi. Na same ta bayan ɗakin girki, a tsugune kusa da turmi, ta yi amai a ƙasa tana rufe shi da toka.

"Yaya, yatsan nan yana zaure."

"Na sani."

"Ya ce mini Allah ya yi albarka. Muryar ce."

"Kin kalli fuskarsa?"

"Baba yana wurin."

Bayan an raka Baffa tasha, Baba ya dawo ya yi la'asar, na same shi a kan tabarma. Na durƙusa yadda ake so, na faɗa masa duka.

"Takalmi," in ji shi. "Da yatsa. Rabin 'yan loko ƙarfe ya fasa musu farce." Ya miƙo mini babban yatsan hannunsa in gani. "Ranar ta ga fuskarsa?"

"A'a."

"Mai itacen ta gani?"

"Bayansa ta gani."

"To in je gaban wa in ce me? In ce mutumin da muke sahu ɗaya, 'yata ta shaida yatsansa?"

"Wa ya hana ta ganin fuskar, Baba?"

Na jira mari. Bai zo ba. Ya jawo carbinsa, kuma a lokacin na ga ya yarda da ni, yardar ce ma ta fi yi masa nauyi. Can ya ce, "Ba zai sake shiga zauren nan ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Abincin rana fa?"

"Ta bi babbar hanya."

Babbar hanyar a ƙofar sitonsa take ƙarewa. Baba ya fi ni sanin haka.

Na koma ɗaki na sake karanta takardar. Shekara guda ina jiranta. Na yi ta lissafin ranar da zan bar wa Makera ƙurarta da gulmarta, in je inda ba a ce wa mai kallon mutane marar kunya. Sai ga shi ina riƙe da ita ina jin ƙarar Auta tana wanke langar gobe a bakin rijiya.

Na yage takarda daga tsohon littafina na rubuta wa makarantar cewa ina roƙo a ɗaga mini zuwa ɗauka ta gaba. In sun ƙi, sun ƙi. Da safe zan kai gidan waya. Idan jiniyar sha biyu ta yi, ni zan ɗauki langar, Auta tana gefena. Baba ya ce budurwa ba ta zuwa loko, to ya faɗa mini haka a bakin ƙofa a gaban abokansa, ya kuma faɗi dalilin da ya kawo ni. Ya hana ni koya mata a gidansa, amma hanya ba tasa ba ce. Duk wanda muka wuce za ta kalle shi ta gaya mini kamanninsa, kullum, zuwa da dawowa, har wuyanta ya saba da ɗagawa ko ba na nan.

Idan muka kai ƙofar sito zan tsaya. Ba zan durƙusa ba. Zan riƙe hannun Auta, mu kalle shi mu biyu har sai ya san an gan shi, sannan in gaishe shi, in tambaye shi yaya yatsan.